Wata guda ina zargin ɗana, ashe wayar Inna ce

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan ina riƙe da alli, tun da na fito daga makarantar horar da malamai ta Bawa Jan Gwarzo a Maradi, kuma duk ajin da aka ba ni akwai maganar da ba na gajiya da maimaita wa yara: kada ka rubuta amsa sai ka karanta tambaya har ƙarshe. A bazarar bara ni da kaina na faɗi wannan jarrabawa a cikin gidana, nan Gidan Rumji, kuma wanda ya sha hukuncin kuskurena yaro ne ɗan shekara 14 da bai aikata komai ba. Na daɗe ina jan ƙafa wajen rubuta labarin saboda kunya. Abin da ya sa na yarda shi ne yanzu gidaje da yawa na malamai da ƴan kasuwa sun ajiye akwatin wifi saboda karatun yara, kuma na san ba ni kaɗai ba ne uban da zai ga mega na ƙarewa ya juya ya harari ɗansa.

Ɗiyata ta fari tana ajin ƙarshe na lise a lokacin, tana shirin jarrabawar BAC. Malamansu sun buɗe musu rukuni a WhatsApp inda suke zuba tsofaffin tambayoyi da gyaransu, wani lokaci har da hoton bidiyo na darasin lissafi da kimiyya. Don haka na matse albashi na sayi ƙaramin akwatin wifi, irin wanda ake sa wa layin salula. Mu nan wifi muke cewa, yadda muka ji a bakin Faransawa; ƴan'uwanmu na Katsina da Kano su ce waifai. Na zaɓi mai batir a cikinsa da gangan. Tun watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da ke tasowa daga Katsina ta bi ta Gazawa ta shigo Maradi, muka yi watanni muna lalube har farkon 2024, na ɗauki darasi: duk abin da zan saya na lantarki, sai na tambaya ko zai rayu idan babu kuran.

Wata biyu na farko akwatin ya yi aiki lafiya lau. Sai ya soma wani hali. Da safe ras yake, da rana ma haka. Amma da zarar an idar da sallar isha'i, yarinyar ta shimfiɗa littattafanta a falo, sai bidiyo ya tsaya yana ta juya zobe. Takardar da ake saukewa ta kai rabi ta katse, a sake daga farko, ta sake katsewa. Kowace maimaitawa kuwa mega take ci. Forfen da ke kai mu ƙarshen wata ya koma ƙarewa kafin 20 ga wata, ga shi jarrabawa ta rage wata uku.

Farko na ɗora wa rezo, kamar yadda kowa ke yi. Ranar wata Asabar na shiga mota har Maradi, na shiga shagon kamfanin da faɗata a baki. Wani saurayi ya saurare ni har na gama, ya cire layin ya sa a wayarsa, abu ya buɗe nan take. Ya duba akwatin ya ce lafiyarsa ƙalau, sai dai in bincika ko wani na shiga mini. Na dawo da wannan kalma a kaina. Na sauya lambar sirri, na sake sauyawa bayan kwana uku, ban ga canji ba. Maƙwabta dai ba su da hanyar sanin sabuwar lamba sai ta bakin ɗan gida. Ɗan gida kuwa da ke da abokai a bayan katanga, mai son kallon ƙwallo kamar ransa, mai tsohuwar wayar da kawunsa ya bar masa, mutum ɗaya ne.

Na kira shi bayan magariba.

"Kai ne ke ba abokanka lambar wifi?"

"Baba, wallahi ban ba kowa ba. Ni ma ba na shiga da dare, Yaya ce ke karatu."

"To aljannu ne ke shanye megan?"

Ya yi shiru, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin amsa laifi. Na karɓe wayar na kulle a akwatina. Washegari da dare matsalar ta dawo yadda take, ko gezau. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce to, ashe ba shi ba ne. Ni cewa na yi ai ya riga ya raba lambar, abokansa ne ke jingine da katanga suna sha. Na sauya lamba karo na uku, ban gaya wa kowa ba sai yayarsa, matsalar ta ci gaba, sai na ce lalle ya leƙa wayarta ya kwafe. Malamai ƴan'uwana sun san wannan cuta. Idan ka riga ka sa wa yaro suna a aji, ko tari aka yi a bayan aji shi za ka kalla. Yaron bai sake musu da ni ba. Abin da ya daina shi ne kawo mini kayensa na lissafi da dare in duba masa, abin da yake yi tun yana firamare. Na lura, na ce fushin yara ne, zai wuce.

A nan sai na koma baya kaɗan in kawo maganar Inna, domin a lokacin ko a mafarki ban haɗa ta da wannan zance ba. Mahaifiyata tana zaune tare da mu, a nata sashe can ƙuryar gida, tsakaninmu da ita akwai tsakar gida da rumbu. Ƙafafunta sun yi rauni, kuma a ƙarshen sanyin bara ta zame a bakin ƙofarta da dare, ta daɗe tana kira ba wanda ya ji. Salula ba ta karɓe ta ba: ba ta karatun boko, maɓallan sun yi mata ƙanana, kuma ta ce ba za ta riƙa biyan kuɗi don ta kira mutanen da take jin tarinsu ba. Ƙanena da ke fatauci zuwa Kano ya zo da magani. A cikin kayan gwanjo ya samo wata wayar gida maras igiya, irin ta Turawa, mai gindi da ake jona wa wuta da kuma kan da ake yawo da shi. Layin waya na ƙasa ba mu da shi, ba mu taɓa yi ba. A ƙuruciyarmu sai gidan waya da ofisoshin gwamnati ake ganinsa. Amma irin wannan waya tana da wata dabara: gindin da kan suna iya magana da juna a cikin gida ba tare da layi ba, kyauta. Ya manna jan tsumma a kan maɓalli ɗaya ya ce, "Inna, wannan kaɗai za ki taɓa." Kan yana wurinta, gindin mai lasifika yana falo.

Abin ya yi wa Inna daɗi fiye da yadda muka zata. An kawo shi don gaggawa, ita ta mayar da shi dandalin hira. Kullum bayan isha'i sai ta danna jan tsumma, maiɗakina ta amsa ta bar lasifikar a buɗe tana ninke kaya ko tana tsince wake, su yi ta zance daga farashin hatsi zuwa wanda ya haihu a Tibiri da wanda ya rasu a Cadakori, har sai barci ya ɗauki tsohuwa wajen ƙarfe goma. Ni kaina na ji daɗin haka, don muddin muryarta na fita na san lafiya take. Falon namu kuwa wurin jona wuta ɗaya gare shi. Saboda haka gindin wayar Inna da akwatin wifi suna zaune a kan kanta ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, tazararsu ba ta wuce tsawon tafin hannu ba.

Maganganu biyu ne suka farkar da ni, kuma duka daga bakin mata suka fito. Wani dare aka ɗauke kuran, zafi ya kore mu tsakar gida, sai na ji ɗiyata daga falo tana cewa, "Baba, abin mamaki, idan babu wuta wifin nan gudu yake kamar me." Na ce ƙila mutane ne suka ragu a kan rezo. Kwana biyu bayan haka maiɗakina ta ce, "Malam, wayar Inna fa ta soma lalacewa. Da rana tas nake jin ta, amma da yarinyar nan ta kunna karatunta sai muryar ta riƙa tsinkewa, ina jin wani ƙas-ƙas."

A daren na ɗauko sabon kaye na ja layuka, yadda nake jan rajistar kiran suna: rana, lokaci, akwai kuran ko babu, wa ke gida, Inna na hira ko ta yi barci, wifi na tafiya ko ya tsaya. Dare goma na cika. A dare uku da aka ɗauke wuta, wifi bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. A daren da ƙanwar Inna ta zo daga ƙauye suka kwana tare, ba ta taɓa jan tsumma ba, nan ma lafiya. Sauran dare shida, matsalar ta fara da sallamar Inna ta ƙare da barcinta. Layin da na ja wa ɗana, yana gida ko ba ya gida, bai dace da komai ba. A dare na goma sha ɗaya na yi gwajin da ya kamata in yi tun ranar farko: ana tsakiyar hira, bidiyo na juya zobe, na zare igiyar gindin wayar daga wuta. Kafin in mayar da hannuna malamin lissafi ya ci gaba da magana a wayar ɗiyata. Na mayar, Inna ta sake kira tana tambayar wa ya katse ta, zobe ya dawo.

Akwai ƙananan rubutu a ƙarƙashin gindin, tabarau na kuma yana lakwal. Na ɗaga murya na kira yaron, karo na farko cikin wata guda da na kira shi ba don faɗa ba. Ya karanto mini: 2.4 GHz. Na ce ya juya akwatin wifi. Ya karanta: 2.4 GHz. Ya ajiye su, bai ce komai ba, ya fita.

Washegari na nemi wani abokina da ke koyar da kimiyya a lise, na kai masa kayen, daga baya kuma na bi bayanin da karatu. Duk wanda ya tashi a gidan da ake kama BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango ya riga ya san rabin zancen. Kana sauraron labaran duniya a kan mita 16 ko mita 19, sai wata tasha ta Larabci ta hau kan taka, muryoyi biyu su cakuɗe, ka yi ta murɗa maɓalli. Wifi ma rediyo ne, wayar Inna ma rediyo ce, salular da ke aljihunka ma haka. Bambancin kawai zangon da kowa ke magana a kai. Waɗancan mitocin da ake faɗa tsawon igiyar tashar ne. Igiyar 2.4 GHz tsawonta santimita 12 da rabi, bai kai bik ɗin rubutu ba, kuma tana kaɗawa sau biliyan 2 da miliyan 400 a daƙiƙa guda.

Kamfanonin salula da gidajen rediyo kowa da nasa zango, gwamnati ce ke yanka masa ta ba shi takarda, kamar gona mai iyaka. A Nijar hukumar ARCEP ke wannan aiki. Shi kuwa zangon 2.4 ba gonar kowa ba ne, asalinsa ma juji ne. A 1947, a taron ƙungiyar sadarwa ta duniya da aka yi a Atlantic City ta Amurka, aka ware wasu zanguna domin injinan masana'antu da na asibiti da na bincike, waɗanda ke fitar da igiyar rediyo ba don aika saƙo ba, su zubar da hayaniyarsu can. Tanderun lantarkin nan na ɗumama abinci a nan yake aiki, a kan 2.45. Sai a 1985 hukumar sadarwar Amurka ta ce duk mai ƙaramar na'ura maras ƙarfi yana iya magana a wurin ba tare da lasisi ba, da sharaɗin ya haƙura da hayaniyar da ya tarar. Abin da ba a biya ai ba ya rasa jama'a. Ƙa'idar wifi ta farko ta fito a 1997, sunan kansa ya biyo baya a 1999, Bluetooth ya shigo, masu ƙera wayar gida maras igiya suka kwararo, haka masu kyamarar tsaro da na'urar sauraron jarirai. Juji ya zama kasuwa, kuma kasuwar ba ta da sarki.

Faɗin wurin duka bai wuce megahaz 83 da rabi ba, daga 2400 zuwa 2483.5. An raba shi tashoshi 13, tsakanin kowace da mai bi mata megahaz 5, alhali kowane akwatin wifi yana cin wajen 20 idan ya zauna. Kamar a ɗauki bencin aji mai cin yara uku a rubuta masa lamba 1 zuwa 13. Lambobin suna nan, amma mazaunin uku ne. Shi ya sa masu sani ke cewa a zaɓi tasha ta 1, ko ta 6, ko ta 11, su ne ba sa taka juna.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na malami, shi ne halin kowace na'ura a cikin wannan cunkoso. Wifi ɗalibi ne mai ladabi. Kafin ya yi magana sai ya kasa kunne. Idan ya ji wani na magana ya dakata, ya ɗan jira, ya sake saurarawa. Idan ya aika saƙo bai ji an amsa masa ba, sai ya maimaita, idan abin ya ci gaba ya rage sauri, yadda muke yi wajen shifta idan aji ya cika da surutu. Bluetooth shi kuma tsalle yake tsakanin ƙananan tashoshi 79, sau 1600 a daƙiƙa, kuma tun 2003 aka koya masa ya riƙa tsallake wuraren da ya ga wifi na zaune. Tsohuwar wayar gida ba ta san wannan tarbiyya ba. Ban ga laifinta sosai ba, don muryar mutum ba ta jira: idan ta tsaya sauraron kowa, maganar Inna za ta riƙa zuwa guntu-guntu. Don haka da an danna maɓalli sai ta buɗe baki ta yi ta yi, mai ladabin kuma, da yake kunnensa na manne da bakinta a kan kanta ɗaya, ya yi ta jiran ta numfasa. Ƙas-ƙas ɗin da maiɗakina ke ji shi ne lokutan da ya kutsa ya yi tasa maganar a kan tata.

Sanin cuta daban, magani daban. Abokina ya ce mafi sauƙi in cire wayar in jefa a akwati. Na ce masa wannan ba zai yiwu ba. Ɗaya na'urar tana riƙe da jarrabawar ɗiyata, ɗayar tana riƙe da tsohuwar da ta taɓa kwana a ƙasa tana kira. Ba zan zaɓi ɗaya ba.

Muka fara da sauya tasha. Ana shiga cikin akwatin wifi ta waya, da adireshi da lambar da aka rubuta a jikinsa, a nemi wurin da aka sa tasha a kan zaɓin kai, a mayar da ita 1 ko 6 ko 11. Mun gwada duka ukun, sauƙin da muka samu kaɗan ne. Dalili kuwa wayoyin nan iri biyu ne. Akwai masu zama a tasha guda, wasunsu har da maɓallin sauya tasha a jikinsu. Irin waɗannan idan ka tura wifi wancan gefen benci an rabu lafiya. Akwai kuma masu tsalle a faɗin zangon gaba ɗaya, duk inda ka koma sai sun taka ka. Ta Inna irin ta biyun ce. Duk da haka ina ba kowa shawarar ya san wannan wuri a akwatinsa, musamman mazauna kusa da tasha ko kasuwa, inda masu sayar da tikitin wifi suka yawaita, balle tun da Starlink ya shigo ƙasar a hukumance a 2025. Sau da yawa abin da ke danne akwatinka akwatin maƙwabci ne da ke zaune a lamba ɗaya da kai.

Abin da ya yi aiki shi ne abin da ba ya cin ko dala: tazara. Ƙarfin igiyar rediyo a fili yana raguwa da murabba'in nisa, wato idan ka ninka nisa biyu ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Na ba ɗiyata lissafin ta yi, tun da ita ce mai BAC. Daga santimita 20 zuwa mita 6 nisa ya ninku sau 30, ƙarfin hayaniyar ya ragu sau 900, kafin ma a sa bango a lissafi. Da yake akwatin na da batir, ba ya buƙatar zama kusa da wurin jona wuta. Muka riƙa cika shi da rana, da dare mu kai shi ɗakin ƴanmata da ke ɗaya ɓangaren, mu rataye shi sama a bakin taga. Kuskure ɗaya muka yi a daren farko: mun kai akwatin nesa amma yarinyar ta ci gaba da zama a falo, wayarta na gefen gindin wayar Inna. Ashe kunne biyu ne ke buƙatar shiru, na akwatin da na wayar mai karatu. Da ta kwashe littattafanta ta bi akwatin, zance ya ƙare. Bangon laka mai kauri da ke tsakani, wanda a da nake ƙorafin yana tare wifi, shi ya zama mai raba faɗa.

A wajen neman inda za a rataye shi na koyi wasu ƙananan abubuwa. Ruwa yana shanye wannan igiya, don haka gefen randa ko bayan duro ba wurin ajiye akwati ba ne, jikin mutane ma haka, shi ya sa ɗakin da ya cika da jama'a ke rage masa ƙarfi. Ƙarfe kuma mayar da ita yake, saboda haka kada a cusa shi cikin akwatin ƙarfe don ɓoye wa yara, ko a manna shi da rufin kwano. Mai kwamfuta kuwa yana iya haɗa ta da akwatin ta igiya, ya fita daga kasuwar gaba ɗaya. Manyan akwatuna na yanzu suna da zango na biyu, 5 GHz, mai fili da yawa da ƙarancin jama'a, sai dai ba ya ratsa bango kamar na farko. Namu ƙarami ba shi da shi.

Ƙanena da ya ji labari ya ce zai sake samo wata wayar a gwanjo. A nan ne na ja masa kunne, kuma wannan nake so iyaye su riƙe idan za su sayi irin wannan kaya don tsoho ko maras lafiya. A juya gindin a karanta. Idan an rubuta 2.4 GHz, za ta yi faɗa da wifi. Idan an rubuta 5.8 GHz, a yi hattara, don wasunsu da 5.8 suke aikawa ta gefe guda, ɗaya gefen kuma su koma 2.4. Wadda ta dace ita ce mai tsarin DECT na Turai, wanda tun farkon shekarun 1990 aka ware masa zangonsa shi kaɗai, daga megahaz 1880 zuwa 1900, nesa da wifi. Amma akwai tarko. Wayoyin da aka ƙera don kasuwar Amurka an rubuta musu DECT 6.0, kuma wannan 6.0 ɗin ba zango ba ne, sunan talla ne kawai. Suna aiki ne daga 1920 zuwa 1930, wurin da a Turai da ƙasashen Afirka da dama salula ke amfani da shi wajen aika magana zuwa eriyar 3G. Wifinka zai zauna lafiya, amma kana iya toshe kunnen eriyar da unguwa duka ke dogaro da ita. A Faransa ma'aikatan hukumar kula da zanguna sun sha bin sawun irin wannan hayaniya da na'urori har ƙofar gidan mutumin da ya sayo waya daga Amurka bai san abin da take yi ba. Kayan gwanjo kuwa ba su zuwa da takardar asali. Na Turai da na Amurka a buhu ɗaya suke isowa.

Na kai wannan labari taron malamai na makarantarmu, saboda ana maganar sa wifi a ofishin darakta. Wurin da aka zaɓa masa shi ne cikin kabad ɗin ƙarfe, don tsaro, a gefen lasifikar Bluetooth da ake kiran yara da ita. Na roƙi a bar ni in zo da kayena kafin a kafa ƙusa.

Saura maganar da ta fi wuya. A tarbiyyar da muka taso, uba ba ya ba ɗa haƙuri da baki. Sai dai ya sayo masa takalmi, ko ya miƙa masa tsokar da ke cikin kwanonsa, kowa ya gane. Na yi niyyar bin wannan hanya. Na fito da wayarsa daga akwati, na sa mata kuɗi, na ajiye masa a kan tabarma. Ya ɗauka ya ce na gode, da irin muryar da ake yi wa baƙo. Kwana uku ina jira ya kawo kayen lissafi, bai kawo ba.

Inna ce ta kira ni, da jan tsummanta. Da yake ni ne ɗanta na fari ba ta faɗin sunana, sai ta ce wa maiɗakina, "Turo mini maigidan naki." Na je na durƙusa a bakin ƙofa.

"Me mijina ya yi maka ka hana shi walwala wata guda?" Haka take kiran jikan nata.

Na ba ta labarin duka, har da yadda hirarta ke tsayar da karatun jikanyarta. Ta yi dariya har da tari, ta ce ashe muryarta ta kai ta tare injin Nasara. Sannan ta daina dariya.

"Kai da kake ta rubuce-rubuce a littafi, ka rubuta wanda ke kwana a nan idan wuta ta tafi?"

Ban gane ba. Ta nuna mini wata tabarma a naɗe a bayan ƙofa. Ashe tun makon da aka kawo wayar yaron ya lura cewa da an ɗauke kuran ƴar fitilar gindin mutuwa take, kuma idan ta mutu jan tsumman Inna ba ya kiran kowa. Ni da na cika dare goma ina rubuta akwai kuran, babu kuran, farin ciki kawai nake cewa wifi na gudu; ban taɓa tunanin cewa a daidai waɗannan darare, cikin duhu, tsohuwar ba ta da hanyar kiranmu ba. Shi bai gaya wa kowa ba. Idan wuta ta tafi sai ya ɗauki fitilarsa ya zo ya shimfiɗa tabarma a ƙofarta, ya koma ɗaki kafin asuba. Har a watan da wayarsa ke kulle a akwatina.

A daren na same shi a zaure. Na zauna a gefensa na ce, "Na zarge ka a kan abin da ba ka yi ba. Ka yi gaskiya tun ranar farko, ni ne ban saurara ba. Ka yafe mini." Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma, ya ce, "Ba komai, Baba." Muka ɗan yi shiru. Sai ya ce gindin wayar ai wutar da yake ci ba ta da yawa, ya karanta a jikin cajarsa, kuma ya ga wani mai gyaran rediyo a bakin tasha yana haɗa irinsa da ƙaramin batirin sola. Na tambaye shi nawa zai ci. Ya ce bai tambaya ba, amma idan na yarda gobe bayan an tashi daga lakwal sai mu biya tare, mu tafi da cajar a nuna masa.